Faj ba ya maye gurbin buroshi a kicin ɗin alhazai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili mu ja hankalin 'yan'uwanmu masu dafa wa alhazai abinci a Makka da Madina kan bakteriyofaj, ko faj a taƙaice. Bairos ne da ke shiga cikin bakteriya ya hayayyafa har ya fasa ta, ba ya kuwa kama ɗan Adam. Tun 2006 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince a riƙa fesa ListShield, haɗin faj iri shida, a kan naman da aka gama sarrafawa domin kashe bakteriyar Listeriya, wadda ko a firji mai digiri 4 ba ta daina yaɗuwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne yauƙin da bakteriya ke ginawa ta fake a ciki, a tsagar katakon yanka, haƙoran injin niƙa nama da bakin magudana. Wasu faj na da sinadarin narka wannan yauƙi, amma in ya yi kauri ba sa kaiwa ƙasansa. Don haka a kwance injin, a goge da buroshi da sabulu, a sa kilorin, a ɗauraye sosai, sannan a fesa faj. Wanda ya fesa kan ragowar kilorin ya zubar da kuɗinsa, don kilorin na kashe faj. Haka ma zafin girki da tsamin binega.

Yawa ma na da muhimmanci. Faj ba ya tafiya neman bakteriya, sai sun yi karo, shi ya sa ake son faj miliyan 10 zuwa miliyan 100 a kowane murabba'in santimita. Tsinka shi da ruwa don ya auku ɓarna ce. Kuma kowane da abin farautarsa: na Listeriya ba ruwansa da Salmonela, bakteriyar da ake samu a kaza. A ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, a kuma tabbatar da izinin SFDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Saudiyya, kafin a saya.

Gubar da ta riga ta taru fa, faj ba ya warware ta, kamar ta botulizim, cuta mai shanye jiki, da ta kwantar da mutane a Riyad a 2024 ta hanyar mayonis, ko ta shinkafar da ta wuni a buɗe. A dafa kaza har tsakiyarta ta kai digiri 74, abincin da zai jira rabo a Mina kuma kada ya sauka ƙasa da 60.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan gwajin abinci, Jidda