Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Muhalli: ruwan sama ya fi ƙarfin tsohon lissafi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto maka wannan wasiƙa injiniyoyin ruwa ne da masana ƙasa da yanayi. Magana ɗaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami: yawancin madatsun ruwa, kwalbatoci da magudanan da jama'a suka dogara da su an auna girmansu ne da ƙididdigar ruwan sama ta shekaru 40 ko 50 da suka wuce, alhali ruwan da ke sauka yanzu ya fi ƙarfin wancan lissafi.

Dalilin a fili yake. Duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tururin ruwan da take iya riƙewa yakan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga, da kimanin digiri 1.55 sama da na ƙarshen ƙarni na 19. Ba lallai ne jimillar ruwan shekara ta ƙaru ba. Abin da ke faruwa shi ne a daɗe ana fari har ƙasa ta ƙeƙashe ta daina shan ruwa, sannan hadari ya juye na wata guda cikin 'yan sa'o'i. Ranar 29 ga Oktoban 2024, wani gari a yankin Balensiya na ƙasar Sifaniya ya samu sama da milimita 700 a yini ɗaya, kuma ambaliyar ta kashe fiye da mutum 200.

Ranka ya daɗe, milimita 1 na ruwan sama lita 1 ne a kan kowane murabba'in mita. Ke nan milimita 50 a kan hekta guda lita 500,000 ne. Idan filin yana da ciyawa da itatuwa, abin da ke gangarewa bai cika wuce kashi 10 zuwa 30 cikin 100 ba, sauran ƙasa ta shanye. Idan kwano da kwalta da siminti suka rufe shi, kashi 70 zuwa 90 ne zai kwaranya, kuma cikin hanzari. Saboda haka kwalbatin da aka gina lokacin da bayansa gonaki ne, yau da aka cika wurin da gidaje yana karɓar ninki uku ko fiye na ruwan da aka yi shi dominsa, ko da ruwan saman bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba. Muna roƙon a sake lissafin ƙarfin ruwan sama da bayanan shekarun nan, a kuma daina amincewa da zanen hanya ko magudana da bai yi amfani da sabon lissafin ba. A gyara fahimtar jami'ai game da abin da ake kira ambaliyar shekara 100. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, kuma gidan da zai yi shekara 30 a irin wannan wuri yana da yiwuwar kusan kashi 26 cikin 100 ta ci shi.

Yashe magudana ma akwai yadda ake yinsa. Ana farawa ne daga mafita a hauro sama, domin wanda ya fara daga sama ya buɗe wa ruwa hanya ne zuwa inda yake toshe. A kwashe yashi da ledar da aka fitar a ranar, don in aka jibge su a bakin kwata ruwan farko zai mayar da su ciki. Magudanar da yashi ya cinye rabin zurfinta ba ta iya ɗaukar ko rabin ruwan da aka gina ta dominsa, saboda gudun ruwan ma raguwa yake yi. A biya ɗan kwangila bisa yawan abin da ya kwashe bayan an auna, ba bisa tsawon layin da ya ce ya bi ba.

Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne madatsun ruwa da aka gina da ƙasa. A Satumban 2023 madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 suka ɓalle cikin dare a saman birnin Darna na Libiya, sama da mutum 4,000 suka rasu, ban da dubban da ba a gano ba, kuma masana sun yi gargaɗi tun kafin ranar. A Satumban 2024 madatsar Alau ta sako ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Madatsar ƙasa ta hanyoyi biyu ta fi karyewa. Na farko, ruwa ya haura saman bango saboda mafitar rarar ruwa ta yi kaɗan, ko ƙofofinta sun ƙi buɗuwa; da zarar ya fara bi ta sama yakan kankare bayan bangon cikin ɗan lokaci. Na biyu, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta cikin bangon yana jan ƙasa a hankali har ya yi rami. Wannan na biyun yana ba da alama ga mai lura. Duk madatsa tana ɗan yoyo a gindinta, kuma muddin ruwan garau yake, yawansa bai sauya ba, babu damuwa. Ranar da ya fara fitowa da laka, ko ya ƙaru alhali tafkin bai ƙaru ba, bangon ne yake zubewa daga ciki. Haka nan tsagewa a saman bango, wurin da ya lotsa, suri, ramin gafiya, da itacen da aka bari ya girma a jikinsa, wanda saiwarsa in ta ruɓe takan bar wa ruwa hanya.

Ba kuɗi mai yawa wannan duba yake ci ba. Mutum ne da littafi da ma'auni zai taka bangon daga farko zuwa ƙarshe kowane mako, kullum kuma idan damina ta yi nisa. A buɗe kowace ƙofa a rufe ta tun da rani, a tayar da janaretan da ke ɗaga ta, a tabbatar akwai hanyar ɗagawa da hannu in wuta ta ɗauke, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A auna zurfin tafkin bayan 'yan shekaru, saboda lakar da ke taruwa a ƙasa tana rage wurin da zai riƙe ruwa, mai kula kuma yana nan yana aiki da tsohon adadi. Sannan a rubuta ƙa'idar sakin ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin tafki ya cika maƙil.

Lakar nan daga tudu take zuwa, kuma a nan aikin ma'aikatarka ya fi yawa. Gangaren da aka sare itatuwansa yakan turo ruwa da ƙasa tare. Jera duwatsu a gicciye bisa gangare, dasa jema a bakin kwazazzabo, da barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gona duk suna rage gudun ruwa su ba ƙasa damar sha. Da wannan dabara ta ƙarshe manoman Nijar suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Fadama da tafkunan cikin gari su ne ma'ajiyar ruwan ambaliya, duk wanda aka cike aka yanka filaye, ruwansa gidan wani zai shiga. Haƙar yashi kusa da gada kuma tana tone gindin ginshiƙanta.

Saura gargaɗi. A Balensiya hukumar yanayi ta fitar da jan gargaɗi tun da safe, amma saƙo bai shiga wayoyin jama'a ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin ruwa ya riga ya shiga gidaje. Bangaladash kuwa, wadda guguwar 1970 ta kashe mata aƙalla mutum 300,000, ta kai matsayin da manyan guguwa ke wucewa da asarar rayuka gommai, saboda masu shela na sa-kai da matsugunan da kowa ya san hanyarsu. Gargaɗi mai amfani shi ne wanda ya ambaci sunan unguwa, lokacin da ake sa ran ruwa, da tudun da za a nufa, cikin harshen da mutane ke ji. A gaya musu kuma cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. A san tun yanzu jami'in da ke da ikon cewa a tashi, da mai maye gurbinsa in ba a same shi a waya ba.

Yawancin ayyukan nan na rani ne, amma sau da yawa kuɗinsu ba ya fitowa sai damina ta kankama. Muna roƙonka ka nemi a saki kason gyara da yashewa aƙalla wata uku kafin ruwan farko, ka haɗa kai da ma'aikatun ruwa da ayyuka a duba kowace madatsa, a kuma wallafa sakamakon da sunan kowacce da halin da take ciki, domin mazauna ƙasanta su sani. A shirye muke mu shiga wannan duba duk lokacin da aka neme mu.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin ruwa da masana ƙasa da yanayi