Amsa ga mai tambayar nawa aka biya ni kan Mayotte

Malam, salamu alaikum.

Na ji tambayar da ka jefo mini a gaban jama'a: tunda mutanen Mayotte, tsibirin da ke tekun Indiya, da bakinsu suka zaɓi zama ƙarƙashin Faransa, wa ya aike ni, kuma nawa aka biya ni nake sukar Shugaba Macron? Maganar kuɗin ce ta sosa mini rai. Shekara ashirin ina rubutu, waɗanda suka san ni sun san ban taɓa sayar da alƙalamina ba, ko ga Rasha ko ga wata gwamnatin soja. Kai kuwa ka san masu biyan kuɗin jirginka duk lokacin da aka gayyace ka taro a Paris, don haka ka yi hattara da irin wannan zargi.

Batun zaɓe ba na musu a kansa. Amma ka ɓoye rabin labarin. A ƙuri'ar 1974, fiye da kashi 90 cikin ɗari na tsibiran Komoros huɗu sun zaɓi 'yanci. Faransa ce ta ƙirga ƙuri'un tsibiri-tsibiri, ta ware Mayotte ta riƙe. Da aka kai maganar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1976, ta hau kujerar naƙi.

Abin da ya sa na yi rubutu shi ne bakin Macron. A 2017, bai daɗe da hawa mulki ba, ya yi raha da ƙananan jiragen ruwan da ake kira kwasa-kwasa, wai ba kifi suke kamawa ba, 'yan Komoros suke kwasowa. Waɗannan jirage su ne suke kifewa da mata da yara a tsakanin tsibirin Anjuwan na Komoros da Mayotte, tafiyar kilomita kusan 70, tun da aka ƙaƙaba biza a 1995 ta raba dangi da dangi. Mutanen nan Musulmi ne, harshensu da aurensu ɗaya, amma ziyarar gaisuwar mutuwa ta zama kasada da rai.

Sannan a Disambar 2024, bayan guguwar Chido ta share unguwannin langa-langa, ya je ya tarar da mutane suna kukan ruwan sha. Ya ɗaga murya ya ce musu da ba don Faransa ba da sun fi haka shiga uku sau dubu goma. Waɗannan fa 'yan ƙasarsa ne, Mayotte ma ta zama gundumar Faransa ta 101 a 2011, kuma ita ce mafi talauci a duk Faransa.

Ka ce ban taɓa taka tsibirin ba. Gaskiya ne, ban je ba. Amma kai da kake zuwa Paris, ka tambayi masu masaukinka me ya sa har yau ake yanke wa Mamoudzou, babban birnin Mayotte, ruwan famfo kwana-kwana.

Wassalam.