Wasiƙa daga Barlin kan mutumin da ya kwafi duwatsun Girka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da su Baba. A wasiƙarka ta ƙarshe ka tambaye ni abin da ya ɗauke mini hankali tun zuwana Jamus, to, gaskiya wani mutum ne da ya rasu tuntuni, Friedrich Hiller von Gaertringen, masanin kayan tarihi wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen karanta rubutun da Girkawan dā suka sassaƙa a jikin duwatsu.

An haife shi a Barlin a 1864 cikin gidan sarauta da wadata. Ya fara koyon haƙar kayan tarihi a tsohon birnin Magnesia, a ƙasar Turkiyya ta yau, ƙarƙashin wani Bajamushe mai tono kayan tarihi, Carl Humann, daga nan ya koma tsibirin Thera na ƙasar Girka, wanda masu yawon buɗe ido suke kira Santorini, inda ya tono tsohon birnin da ke kan dutsen Mesa Vouno daga 1896 zuwa 1902, kuma da kuɗin aljihunsa ya yi aikin. A can ya tarar da sunayen mutane da na gumakansu a jikin duwatsu, waɗanda suke cikin rubutun Girkanci mafi daɗewa, ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ɗaukar rubutun. Ana wanke dutsen, a shimfiɗa masa takarda mai kauri da aka jiƙa, a yi ta bugunta da buroshi har sai ta shige cikin kowane rami na harafi, sannan a bar ta ta bushe a ɓamɓare. Takardar takan fito da harufan a juye, amma daidai da girmansu da zurfinsu, ta yadda malami zai zauna a ɗakinsa a Barlin ya karkata ta wajen haske, ya gane harafin da ido ya kasa gani a tsakar rana. Wani dutsen ma ya fashe ko ya ɓata daga baya, takardar ce kaɗai ta rage. Ni kam a ganina wannan aikin ya fi tono mutum-mutumi wahala, domin babu mai yi maka tafi don ka kwana uku a kan layi ɗaya na dokar wani gari ko sunan mamaci.

Daga 1904 ya zama ma'aikacin Cibiyar Ilimi ta Prussia (tsohuwar masarautar Jamus) da ke Barlin a babban aikin tattara rubutun Girka, Inscriptiones Graecae, wanda Ulrich von Wilamowitz-Moellendorff yake jagoranta. Shekara guda bayan haka ya auri 'yar shugaban nasa, Dorothea, ka ga aiki ya haɗu da surukuta. Shi ya fitar da kundin rubutun tsibirin Rhodes a 1895, na birnin Priene a 1906, na yankin Arkadiya a 1913, na tsofaffin rubutun Atina a 1924, da na birnin Epidauros a 1929. Ya rasu a Thurnau, a jihar Bavariya, a 1947.

Har gobe ana ci gaba da wannan aikin a nan Barlin, kuma ina neman izinin shiga in ga takardun da idona. Idan Allah Ya yarda na samu, zan rubuto maka yadda suke. Ka gaida mini mutanen gida baki ɗaya.

Naka har kullum,
Abokinka.