Rahoton Ayyukan Shekara: Itatuwan Gida a Kan Marmara da Ƙasar Ma'adinai

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawan ƙungiya da 'yan uwa mambobi maza da mata. Ga abin da Allah Ya ba mu ikon yi a bana, da inda muka gaza.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne a wurin renon itatuwa da ke wajen Mando. Mun tsaya kan na gida: ɗorawa, kaɗanya, maɗaci, kawo, ɗinya da madobiya. Ɗorawa ba ta ba mu wahala ba, da an jiƙa kalwar a ruwan zafi ta kwana sai ta tsiro. Kaɗanya ce ta koya mana hankali. Ƙwararta ba ta ajiyuwa, in ta bushe ta mutu, kuma ko ɗanya aka shuka sai ta fara tura saiwa ƙasa, a yi makonni ba a ga ganye ba. Wasu matasanmu suka ɗauka ta ruɓe, suka zubar da ledojin. Laifin kwamiti ne, mu ne ba mu yi musu bayani ba.

Dashen da muka yi a ƙasa mai zurfi ya kama, alhamdu lillahi. Na kan marmara da gindin duwatsu kuwa, bazara ta cinye mafi yawansa duk da ban ruwa. Amma a nan gefensa, kututturan doka da taura da marke da aka sare tun bara sai tohowa suke, ba wanda ya zuba musu ko moɗa guda. Saiwarsu ta daɗe da ratsa wannan ƙasa, ta san inda laima take. Don haka kwamiti ya yanke cewa a irin waɗannan wurare za mu koma sassaben zamani, yadda manoman Maraɗi ke yi tun shekarun 1980: a zaɓi toho mai ƙarfi a bar shi, a rage sauran, a kare shi daga wuta da awaki.

Wannan ne ya sa haƙar ma'adinai ke tayar mana da hankali. Ana haƙar zinariya a Birnin Gwari, kuma tun 2016 aka sanar da samun ƙarfen nikel a Dangoma ta ƙaramar hukumar Jama'a. Ba ma ƙin mutane su ci arzikin ƙasarsu. Sai dai rami ɗaya kan tsinke saiwoyin, ya binne ƙasar sama mai ɗauke da iri, abin da dashe ba zai mayar ba. A Katanga ta Kongo akwai tsirran da ba a samunsu ko'ina a duniya sai kan tuddan tagulla na can; irin waɗannan, in rami ya cinye tudunsu, sun ɓace ke nan. Shi ya sa muka fara zama da masu maganin gargajiya da mafarauta muna rubuta sunayen abin da ke fitowa a kan duwatsunmu da amfaninsa, muka soma da yankin Kagoro.

Ziyarar 'yan makaranta zuwa dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ba ta yiwu ba. Hankalinmu bai kwanta mu ɗauki 'ya'yan mutane a wannan hanya ba tukuna.

Mun zauna da masu sayar da gawayi kan kirya, da masu katako kan madobiya, wadda aka taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe a 2016 saboda yadda ake jigilarta zuwa Sin. Sun saurare mu da mutunci, suka ce muddin iskar gas na da tsada, mai girki gawayi za ta nema. Gaskiya suka faɗa, kuma za mu koma.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taron shekara. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin nan. Wanda ke da ɗorawa a gonarsa ya tanadar mana kalwa in ta nuna da bazara. Kaɗanya kuwa sai farkon damina, a kawo ta cikin kwanakin da aka tsince ta.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa, Kaduna.