Amsa ga ɗalibina da ya tambaye ni a gaban jama'a

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar, a taron tsofaffin ɗalibai da muka yi a Birnin Kebbi, ka karɓi lasifika ka ce: "Malam, kai ke ja mana salla a masallacin makaranta, kai ne kuma ka koya mana darasin Darwin. Ashe ba wannan karatun ne ya fitar da Turawa daga addini ba? Ba ka tsoron ya fitar da mu?" Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, shugaban taro kuma ya ce abinci na hucewa. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Ka yi wa Turawa kuɗin goro, alhali bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2006 mujallar Science ta buga wani bincike da ya kwatanta ƙasashe 34 kan yarda da juyin halitta, wato darasin nan na Darwin da ke cewa halittu suna sauyawa a tsawon zamani. Aisland, Denmak, Suwidin da Faransa ne a sama. Amurka, mai manyan jami'o'in nan da kuke mafarkin zuwa, ta zo ta biyun ƙarshe, Turkiyya ce kaɗai a bayanta. A 2019 cibiyar Gallup ta samu kashi 40 cikin ɗari na Amurkawa suna cewa Allah ya halicci mutum kai tsaye a siffarsa ta yau. A 1925 ma sai da aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a jihar Tenesi saboda wannan darasi, aka ci shi tarar dala 100. Da a can nake aiki a lokacin, da albashina ya tafi kotu.

Mu ma Musulmi haka. Cibiyar Pew ta fitar da rahoto a 2013: a Kazakistan kashi 79 na Musulmi sun ce halittu sun sauya a tsawon zamani, a Lebanon 78, amma a Iraƙi 27, a Afganistan 26. Alƙibla ɗaya, Alƙur'ani ɗaya. Me ya raba su? Ɗan Kazakistan ya gaji makarantun Tarayyar Sobiyet, inda darasin ya zama kamar lissafi. A Amurka kuwa maganar ta zama tutar rigima tsakanin wasu coci-coci da kotuna da 'yan siyasa, har mutum kan ƙi ta don kada a ce ya koma ɓangaren abokan hamayya. Turkiyya ta cire darasin daga manhajar sakandare a 2017, shi kuwa Paparoma John Paul na biyu tun 1996 ya ce maganar ta wuce hasashe, bai kuma ajiye rigarsa ba. Abin da na fahimta shi ne, mutane kan duba wanda ya kawo musu zancen da muryar da ya kawo shi, kafin su duba zancen kansa.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa mulhidanci da kimiyya ɗan juma ne da ɗan jummai. Gwamnatin Stalin ta Tarayyar Sobiyet, wadda ta rufe masallatai da coci-coci, ita ce ta haramta ilimin gadon halitta a 1948 don ta faranta wa Lysenko, wani masanin noma da ke ƙaryata wannan ilimi, bayan babban masanin tsirrai Vavilov ya mutu a kurkuku a 1943. Wanda ya aza tubalin wannan ilimin kuwa, Gregor Mendel, malamin coci ne da ya yi gwajinsa da wake a lambun gidan ibada.

Yanzu dawo gida. Ka tuna kulorokwin, mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi? Muna yara ƙwaya kaɗan ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro. Sannu a hankali ya daina ci, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Ba maganin ne ya lalace ba. Cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan kaɗan da suka zo da wani bambanci da ya sa maganin ba ya kashe su. Aka kashe sauran, su suka rage, suka hayayyafa, suka cika gari. Haka sauron fadama yake yi da maganin feshi. Sikila ma da ake sa ku gwajin jini kafin aure, ba banza ta yawaita a ƙasashenmu ba: mai jinin AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓi mai tsanani yana ƙarami, shi ya sa gadon ya yi ƙarfi inda sauro ya yi yawa. Kawunka da ke noman shinkafa a fadamar Argungu, idan ya ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye iri, aikin zaɓe yake yi. Darwin kansa, a littafinsa na 1859, da masu kiwon tattabaru ya fara kafa hujja, irin kiwon da kuke gudun aji saboda shi. Ban taɓa ganin wanda ya bar salla don an gaya masa sauro ya fi ƙarfin feshi ba.

Na sani ba sauro ne ya dame ka ba, Annabi Adamu ne, alaihis salam. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Masana wannan fanni ba su ce biri ya wayi gari ya zama mutum ba, amma suna cewa mutum da manyan birai sun haɗa kaka shekaru miliyoyi da suka wuce. Haka na koya muku, domin haka suka faɗa, haka WAEC ke tambaya, kuma sauya maganar mutum don a ji daɗin kayar da shi ha'inci ne. Ni kuwa na yi imani Allah ya halicci Adamu daga yumɓu, ya busa masa rai. Akwai malaman Musulunci na zamanin nan da suka karɓi juyin halitta a kan dabbobi da tsirrai, suka keɓe Adamu a matsayin aya, kamar yadda Annabi Isa ya zo ba uba. Can zuciyata ta fi karkata. Fatawa dai ba ta mai alli ba ce. Ƙasar Gwandu ba ta rasa malamai ba tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo.

Ka tambaya ko ina tsoro. Ina yi, amma ba na babin littafin aji uku ba. 'Yan ɗaliban da na ga imaninsu ya yi rawa, kusan labarinsu ɗaya: yaro ya yi tambaya, aka daka masa tsawa, aka ce zai kafirta, ya yi shiru. Da dare ya ɗauki waya ya shiga YouTube, ya tarar da wani mulhidi mai fara'a yana amsa masa cikin natsuwa, yana haɗa masa gaskiyar sauro da ƙaryar cewa ba Mahalicci a kwano ɗaya. Yaron da ya riga ya ji darasin daga bakin wanda ya gani a sahun farko, da wuya wannan kwanon ya ruɗe shi.

Ka zo gida ranar Juma'a bayan la'asar, ka taho da abokan naka biyu da suka fi kowa dariya. Akwai shayi, kuma har yanzu tsohon littafin nan mai hoton raƙumin dawa yana cikin akwatina.

Malaminka na bayoloji,
daga Birnin Kebbi.