Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarkin Hausawan Legas: Ana Kwashe Kuɗin Mutanenmu Ta Waya

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, mu 'ya'yanka ne masu gyaran waya, masu rajistar layi da masu POS, mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da kasuwar waya ta Ikeja. Mun rubuta wannan takarda a fili domin maganar ta shafi kowane gida, kuma muryar Sarki tana kaiwa inda tamu ba ta kai.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, dillalin shanu a Oko-Oba, mai tumatir a Mile 12, mai raguna a Alaba Rago, mai shayi, ɗan dako, kowa ya koma taransifa. Kuɗin da ake ɗaurewa a lalita ko a aljihun 'yar ciki yanzu yana cikin waya. Mutumin nan ya san yadda zai dafe aljihunsa a cunkoson Oshodi, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa tsare layinsa. Gargaɗin da bankuna ke turowa da Turanci yake zuwa, a rubuce, ga mutanen da yawancinsu da saƙon murya suke hulɗa.

Za mu fara da sim, domin nan ne babbar ɓarakar. Wanda ya fizge waya a go-sulo bai damu da zanen da aka kulle allo da shi ba. Sim yake cirewa ya sa a ƙaramar waya mai tocila. Daga wannan lokaci, a wurin banki shi ne mai asusun, tunda duk lambar tabbatarwa da za a turo hannunsa za ta faɗa. Da *565*0# zai ga BVN, da *346# zai ga NIN, alat ɗin da zai shigo zai gaya masa bankin da kuɗin ke ciki. A asusun manhajoji da dama ma lambar wayar ita ce lambar asusu, sifilin farko kawai ake cirewa. Zai nemi a sauya masa lambar sirri, ya sayi kati, ya tura abin da ya samu, wani lokaci har ya ci bashi da sunan mai layin. Duk wannan yana iya ƙarewa kafin mai wayar ya isa gida.

Maganinsa kyauta ne, minti biyu ya isa, kuma cikin wayoyin da ake kawo mana gyara da wuya a ga wadda aka yi mata shi: sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. A wayar Android ana shiga setin, sashen tsaro, a nemi inda aka rubuta SIM lock, a kunna. Wayar za ta fara tambayar lambar da layin ya zo da ita daga kamfani. Kada a yi canke a nan, a kira 300 a tambaya. Bayan an shiga sai a sauya ta da lamba huɗu da mutum ba zai manta ba, banda shekarar haihuwa da ƙarshen lambar waya. Daga ranar, duk wayar da aka sa sim ɗin ba zai kawo sabis ba sai da lambar. In aka yi kuskure sau uku sai ya kulle ya nemi PUK, lamba takwas da ke jikin faffaɗan katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki, wanda mutane ke yarwa a bakin shago. In aka yi kuskuren PUK sau goma, sim ya mutu har abada. Saboda haka a adana wannan kati a gida tare da takardun fili.

Idan kuma waya ta riga ta ɓata, akwai jerin da ya kamata a bi, mutanenmu kuwa a juye suke bin sa. Sai ka ga mutum ya ari waya yana ta kiran tasa, yana haɗa ɓarawo da Allah, har awa biyu. Banki ake fara rufewa. Bankuna da yawa suna da lambar rufe asusu daga kowace waya, misali *901*911# na Access da *966*911# na Zenith. Kowa ya tambayi ta bankinsa tun yana lafiya, ya rubuta a takarda, ya ba maiɗakinsa ko yaron shagonsa kwafi. Bayan banki sai a kira kamfanin layi a toshe sim, sannan a je a yi welkom bak, wato a karɓi sabon sim mai lambar da ta ɓata, sannan 'yan sanda.

A wurin welkom bak ɗin nan ne wata tsohuwar matsala take tashi. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a Disamban 2020, mutane da yawa da ba su da katin ɗan ƙasa a lokacin sun roƙi ɗan uwa ko maƙwabci ya haɗa musu da tasa. Ranar da layin ya ɓata, kamfani mai NIN ɗin ya sani. In yana Illela ko Mubi, ko ya rasu, ko an yi faɗa, layi ya tafi, kuma asusun banki yana rataye da shi. Shi ma wanda ya ba da aron NIN ɗinsa bai tsira ba, domin duk laifin da aka aikata da layin ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Haka yaran da ake ba 'yan dubbai su buɗe asusu su miƙa wa wani. Kuɗin damfara ta irin waɗannan asusun yake bi, kuma idan EFCC ta bi sawu, mai sunan take tararwa.

Akwai kuma layin da aka yasar. Mutum ya tafi gida noma, ko ya sayi sabon layi ya jefa tsohon a akwati. In layi ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, alhali a banki har yanzu shi ne a rubuce. Wanda zai bar layi ya fara zuwa banki ya sauya lamba a asusunsa da BVN ɗinsa.

Ranka ya daɗe, sai WhatsApp, inda zumuncinmu ya koma. Za a kira mutum da Hausa tsantsa, da sallama da tambayar iyali, a ce daga zauren 'yan garinsu ne ko na masallaci, za a yi taro da daddare, an turo masa lamba shida ta shiga taron, ya karanto. Wannan lamba ita ce mukullin WhatsApp ɗinsa. Da ya karanto, an fitar da shi, sai saƙo ya fara zagaya abokan cinikinsa: taransifa ta maƙale mini, a taimaka a tura dubu hamsin wannan asusu, da safe zan mayar. Kuma ana turawa, don mutumin kirki ne, an san shi. Daga zaurensa ake ɗebo lambobin waɗanda za a kira gaba. Wasu kuma cewa suke a danna wata lamba mai fara da *21* ko **21*, wai ta kyautar data ce, alhali karkatar da kira take yi zuwa wayarsu, su sa WhatsApp ya kira da lambar shiga. Danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa. A cikin setin WhatsApp kuwa, sashen asusu, akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda mutum zai sa lamba shida tasa ta kansa. In tana nan, ko an yaudare shi ya ba da ta farko, ɓarawo zai ci karo da ƙofa ta biyu. A riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, duk wadda ba a gane ba a fitar da ita. Shi kuma wanda aka nemi rance a wurinsa ta saƙo, ya kira ya ji murya tukuna.

Ba za mu ɓoye laifin sana'armu ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A je rumfar caji a kowace kasuwa da hantsi: wayoyi hamsin a jere kan allo, kowace da 'yar takarda mai lamba, da dama ba kulle, masu su suna can suna sauke kaya. A tsaya wurin mai POS a ga dattijo ya miƙo kati, ya faɗi lambarsa da ƙarfi don a danna masa, ko kuma ga ta nan a rubuce da biro a bayan katin. Yawancin masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne, amma ɓata-gari ɗaya ya isa. Mai kawo gyara ya cire sim da memori kafin ya miƙa waya. Canjin allo, batiri ko bakin caji ba ya buƙatar a bar wa mai gyara lambar buɗe waya, ana iya gwadawa a gaban mai ita. Wanda ya buɗe wa mutum imel ko manhajar banki a shago kada ya zama shi kaɗai ya san kalmar sirri, a sauya ta a ranar. Mai sayar da tsohuwar waya ya fita daga asusun Google, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, don goge hotuna ɗaya bayan ɗaya ba ya share komai. Mai saye kuma ya danna *#06# ya ga IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, a rubuta ta a rasit, saboda wayar sata tana jawo wa mai hannu na uku kwanan ofishin 'yan sanda.

Game da shiga intanet, abin da ya fi cin mutanenmu shi ne mahaɗin da ake yaɗawa a zaure: tallafin gwamnati, data kyauta, kujerar Hajji, ɗaukar aiki. Shafin zai yi kama da na hukuma, da tambari da komai, ya nemi BVN, lambar kati, ranar ƙarewarsa da lamba uku na baya. Waɗannan da lambar tabbatarwa ɗaya sun isa a yi sayayya da kuɗin mutum. Shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa, kuma ɗan kwaɗon da ake gani kusa da adireshi ba shaidar gaskiya ba ne, ɗan damfara ma yana da shi. Wanda ya fi wannan muni shi ne fayil ɗin manhaja da ake turowa ta WhatsApp, ko WhatsApp na jabu irin su GB da samari ke so don ɓoye sun karanta saƙo. Irin wannan manhaja in ta samu izinin karanta saƙonni da ganin allo, to tana ganin lambar banki lokacin da mai wayar ke gani. A tsaya ga Play Store, kuma tocila ko wasan yara da ya nemi izinin lambobin waya a goge shi.

Manhajojin bashi na gaggawa da wannan izini suke tozarta mutane, su tura hotonsu ga surukai da abokan ciniki a kan bashin dubu goma. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasu a nan Legas a 2022, kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista. Na masu ninka kuɗi kuwa ba sai mun tsawaita ba. An ga MMM a 2016, an ga CBEX a 2025, kuma kowane karo akwai wanda ya sayar da babur ya zuba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

'Yan kasuwa su daina sakin kaya a kan rasit da aka nuna musu a waya ko saƙon alat, duka biyun ana ƙirƙirarsu. A buɗe asusu a ga kuɗin sun hau. Kuma tunda 'yan wan-cans, masu fashi a motar haya, yanzu tilasta wa fasinja suke ya buɗe waya ya tura, jarin kasuwa bai kamata ya zauna a wayar da ake yawo da ita ba. A ware ƙaramin asusu na cefane da mota, a rage iyakar abin da za a iya turawa a rana, babban kuma a bar layinsa a gida.

Roƙonmu ga Sarki, Allah ya ja zamaninka, shi ne a umarci limamai da shugabannin kasuwanni su ware minti biyar bayan sallar Juma'a da lokacin taron kasuwa, a faɗa da baki cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, kuma lambar da ta shigo waya ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga fada yake. A naɗi wannan da muryar da aka sani, a tura zaurukan unguwanni, har na mata, domin su ma adashinsu ya koma waya. Muna kuma roƙon a ba mu rana ɗaya a kowace kasuwa da inuwar da za mu zauna, mu sa wa mutane kullen sim da na WhatsApp kyauta, wayar tana hannun mai ita, shi zai danna lambarsa da kansa.

Sannan fada ta yi magana da bankunan da ke da rassa a Agege, Mile 12 da Ojo su ajiye ma'aikaci mai jin Hausa a teburin ƙorafi, ta kuma nemi hukumar sadarwa ta NCC da kamfanonin layi su riƙa fitar da gargaɗinsu da muryar Hausa. Mutanenmu da yawa in an cuce su sai su ce ƙaddara ce su yi shiru, wasu don kunya, wasu don tsoron ofis. Alhali doka tana gefensu: akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, akwai ta kare bayanan jama'a ta 2023. Ƙorafin layi ana kiran NCC a 622 kyauta. Na banki a rubuce ake kai shi, a karɓi lambar shaida, in mako biyu ya wuce ba a warware ba a ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Da fada za ta sa mutum biyu masu ilimi su riƙa rubuta wa jama'a irin wannan takarda, su raka su sashen binciken zamba na 'yan sanda da ke titin Milverton a Ikoyi in ta kama, da yawa da suka haƙura za su fito.

Duk ranar da Sarki ya ga dama ya kira mu, za mu zo da kayan aikinmu, mu fara da wayoyin fadawa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani.

'Ya'yanka,
Wasu masu gyaran waya, rajistar layi da POS a Legas