Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan halin Kasiyas

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ga saƙonka cewa an ba ku aikin nazarin halin Kasiyas a wasan kwaikwayon Shakespeare na Yuliyas Kaisar, kuma ka yi niyyar kiransa mahassadi ka rufe takarda. Shawarata ita ce kada ka tsaya nan.

Hassadar tana nan, babu musu. Da ya tashi zuga Burutus, aminin Kaisar mai mutunci a idon Romawa, ya shiga makircin kashe Kaisar, shugaban Roma, labarin da ya kawo shi ne yadda ya tsamo Kaisar daga kogin Taiba lokacin da ruwa ya kusa cin sa, da yadda ya gan shi yana rawar ɗari da zazzaɓi a Sifaniya. Wanda 'yancin Roma kaɗai ya dama, maganar doka da majalisa zai fi yi. Ya kuma rubuta wasiƙun ƙarya da hannu daban-daban, aka jefa ta tagar Burutus kamar jama'ar gari ne ke kiransa.

Inda nake so ka zura ido shi ne bayan Burutus ya shiga makircin. Sau uku Kasiyas ya hango daidai, sau uku yana janyewa. Ya ce a kashe Antoni, na hannun daman Kaisar, tare da Kaisar ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin Miladiyya, Burutus ya ƙi. Ya ce kada a bar Antoni ya yi jawabi a jana'iza, aka bar shi, ya kuwa tunzura gari a kansu. Da yaƙi ya ɓarke, ya ce su zauna abokan gaba, wato su Antoni, su zo su same su a gajiye, Burutus ya dage sai an tafi an tare su a garin Filibi, inda aka ci su a shekara ta 42.

Me ya sa mai wayo irin wannan yake bin wanda bai kai shi sanin mutane ba? A ganina ya san Romawa ba za su karɓi kisan daga hannunsa ba, don haka ya ari mutuncin Burutus, kuma mai rigar aro ba ya musu da mai riga. Ka ƙara da cewa yana ƙaunar Burutus da gaske. Karanta rigimarsu a sansaninsu na Sardis, inda ya miƙa masa wuƙa ya buɗe ƙirji.

Kada ka manta da mutuwar Kasiyas, domin a nan ne hangensa ya kuskure: ya zaci an kama abokinsa Titiniyas, sai ya sa bawansa Findarus ya soke shi da takobin da ya soki Kaisar.

Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Naka,
Baba